Inna, Sun Ce Ba Ma Zancen 'Ya'yanmu

Assalamu alaikum, Inna. Ina gaishe ki da gaisuwar da ta dace da uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Rabi, autarki. Kin san ban iya rubutu ba. Magana nake yi a wayar maƙwabciyata, ta ce za ta rubuta yadda na faɗa, ta sa inda mutane za su gani. To, su gani ɗin. Ni dai da ke nake.

Inna, raina a ɓace yake, kuma tsoro nake ji.

Bayan rasuwarki na haihu, mace. Ubanta ya tafi cin rani, ni kuma na samu aiki a siton riɗi a nan Sara. Mu tankaɗe, mu sheƙe, mu tsince tsakuwa, a ɗura a buhu. Yawancinmu masu goyon fari ne. A bayan siton akwai rumfar zana, nan Iya Tabawa take zama da jariranmu. In taki ta yi kuka sai Iya ta leƙo ta ce, "Mai jan kallabi, ana nemanki." Ki sulale ki ba da nono ki dawo.

Ana nan sai ga wata Malama daga jami'a, da 'yar na'urar ɗaukar magana. Wai bincike take yi a kan yadda ma'aikata ke magana a wurin aiki. Wai daga abin da mutum ya fi yawan faɗa ake gane abin da ya dame shi, ta haka masu kamfani za su san yadda za su riƙe mu. Ba ta da girman kai, wallahi, har ɗanwake ta ci da mu. Shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo.

Da aka zo kaina ta ce me ya fi damuna. Na ce ciwon baya. Ta ce ina da yara? Na sunkuyar da kai. Ta sake tambaya, na ce akwai wata a can. Ta ce ya sunanta? Na yi dariya, na rufe fuska da mayafi. A lokacin nan, Inna, ina jin kukanta daga rumfa, nono ya jiƙa mini riga sharkaf. Amma ban ce komai ba. Sauran ma haka suka yi.

Wa ya koya mini? Ba ke ba?

Na tuna a garinmu Kwandiko, ranar da kunama ta harbi Yaya, ɗanki na fari. Yana birgima a tsakar gida, ke kuwa kina daka, ko taɓarya ba ki ajiye ba. Sai da maƙwabta suka ɗauke shi, na same ki a bayan rumbu kin cusa bakin zane a baki kina kuka. Kika ce mini, "Ɗan fari da zuciya ake kallonsa, ba da ido ba." Har kika koma ga Allah ban taɓa jin kin kira sunansa ba. "Wancan" kike cewa.

To ga abin da kunyarki ta jawo mana. Manaja ya tara mu, ya ce sakamakon bincike ya fito. An juya maganarmu zuwa Turanci, an ba kwamfuta ta ƙirga. Wai abin da muka fi faɗa shi ne haƙuri, da alhamdu lillahi, da ciwon baya. Zancen yara kuwa bai fito ba. Tun da yara ba su ne damuwarmu ba, kuma dama masu sayen riɗi ba sa son jarirai kusa da kaya, za a rushe rumfa a kafa inji a wurin. Za a sallami Iya Tabawa. Mu kuma za a saya mana benci saboda bayanmu.

Benci, Inna! Bencin ne zai ba ta nono?

Manaja ya ce daga kasuwa mai zuwa, duk wadda ta zo da goyo ta juya. Wa zan bar wa ita? Surukata idonta ya tafi, ko ƙofar ɗaki sai da lalube. Yarinyar ko zama ba ta fara ba, koko ma tofar da shi take yi. Da damina da ta yi gudawa sai da maɗigarta ta faɗa, nonon nan ne ya dawo mini da ita. In na bar ta, ina tsoro. In na bar aikin, me zan ci in samu abin ba ta?

Malamar nan fa Bahaushiya ce. Ta nuna mana hoton ɗanta na fari a waya, tana kiran sunansa gatsau, har da sumbata, mu muka ji mata kunya. Ita ba ta da wata tsohuwa a gidansu da za ta gaya mata? Rumfar nan a bayanta take. Waiwaye kawai za ta yi. Iya Tabawa na zaune, bakinta ba ya shiru, amma wai ita ba ma'aikaciyar sito ba ce, ba a sa mata na'ura ba. Sun ƙirga abin da muka faɗa. Abin da muka haɗiye fa, wa ya ƙirga shi?

Kuma ina fushi da ke, Inna, Allah ya yafe mini. Kin koya mini rufe baki, ba ki gaya mini wata rana za a zo a auna shirun nan a ce babu komai a cikinsa ba.

Gobe Malamar za ta dawo, wai za ta karanta mana abin da ta rubuta a gaban Manaja. Na zaga 'yan'uwana, kowa ta ce ita ba za ta iya miƙewa ta yi zancen goyonta ba. Ni zan miƙe. Zan ce ta kunna na'urar. Ni nawa nauyin biyu ne: 'yar fari ce, kuma sunanki aka sa mata. "Innata" nake ce mata, shi ma sai in ba kowa.

Shi ya sa na fara zuwa wurinki. Ba na so ki ji a bakin wani. Na san ba ƙin Yaya kika yi ba, ni na ga abin da ya faru a bayan rumbu. Ina ma kina nan ki karɓar mini ita. Kunnenta irin naki ne, in tana barci har dunƙule hannu take yi kamar ke.

Ki yafe mini, Inna. Sunanta Hauwa'u.

Na faɗa. Ga maƙwabciyata ta riƙe baki. Hauwa'u. Gobe da ƙarfi zan faɗa, sai kwamfutarsu ta gaji da ƙirgawa.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe miki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya raya mini takwararki, ya bar mana rumfarmu, ya riƙe mini murya in na miƙe. Amin.

Taki har kullum,
Rabi, uwar Hauwa'u.