Takardar Cikin Gwangwanin Biskit

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya gwiwar taki?

Albishirinki, sati huɗu ke nan da fara shan maganin ciwon hantar nan nau'in C, kuma gwaji ya nuna ƙwayar ta yi ƙasa sosai. Saura sati takwas. Kafin a fara, likita ta so a ƙara ɗibar jinina a duba nau'in B. Kin san ni da allura. Na gyara tabarau na ce mata an taɓa dubawa, babu komai. Mutuniyarki, matar tawa, tana gefe ta buɗe baki, na taka mata ƙafa. A hanya na yi mata lacca: na karanta cewa yawancin manya jikinsu ne ke kore B da kansa. Ta ce to.

Har yanzu tana nan da gwangwanin biskit ɗinta, mai cike da takardun asibiti tun na awon cikin fari. Na ce wata rana ɓeraye za su yi digiri a ciki.

A gaida kowa.
Ƙaninki, Sarkin Karatu

Yaya,

Bayan gaisuwa, ki yi haƙuri da shirun. Daga gadon asibiti nake rubutu, kusa da taga.

A sati na bakwai abinci ya fita raina, fitsari ya koma kamar shayi. Na ce gajiya ce. Mutuniyarki tana miƙo mini ruwan alwala ta tsaya ta leƙa idona, ta ga rawaya. Ba ta yi gardama da ni ba. Ta saka mayafi, ta ɗauki gwangwaninta, ta sa ni gaba.

A teburin likita ta zaro wata takarda da ta yi laushi kamar tsumma. Kin tuna shekarar da Baba ya kwanta, na je ba da jini aka ƙi karɓa? Takardar gwajin ranar ce. Ga B a rubuce cewa ina da ita, shekara goma sha tara ke nan.

Likita ta ce ashe C ce ta danne B ta hana ta motsi. Da magani ya kori C, sai B ta miƙe ta samu gida ita kaɗai. Nan take aka fara mini maganinta. Ta ce da mun ƙara sati biyu, da hantar ba lallai ta kai labari ba. Na jira mutuniyarki ta tona asirin take ƙafa. Sai ta ce, "Likita, mantawa ya yi."

Yau an ce hantar tana farfaɗowa. Allura kuwa an yi mini goma sha ɗaya, a madadin guda ɗaya da na guda.

In za ki zo, ki taho mata da gwangwani babba. Wancan ya cika, kuma takarduna ne suka cika shi.

Allah ya bar zumunci.
Ƙaninki, wanda aka sauke daga sarauta