Kada Ka Sayar da Taguwa

Illela, 14 ga Afrilu, 1992

Zuwa ga ƙanena Mumuni,

Sallama da gaisuwa mai yawa daga yayarka. Ina roƙon Allah wannan takarda ta iske ka cikin lafiya, kai da Bilkisu da yara, ya kuma sa albarka a nemanka can Lome. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, har tana fita bakin darni. Rijiyar ƙauyenmu kuwa ta sake janyewa, guga laka yake fitowa da ita.

Na ga saƙonka cewa a sayar da Taguwa, tsohuwar a-kori-kurar marigayi Baba, tunda ka aiko da sabuwa, farar nan da yara suka raɗa wa Balbela. Ka ce ɗan kawunmu Malami ya gwada su, ya tarar tsohuwar ta fi shan gazuwal. Wallahi da na karanta sai da na ajiye tabarau na zagaya gida sau biyu. Ka san yadda ya yi gwajin? Ya cika musu tanki maƙil da gazuwal, yana aunawa da kwalaben lita, a Konni, ya kai su Malbaza bisa kwalta ya komo, babu ko buhu ɗaya a bayansu. Balbela ta sha kwalba shida, Taguwa tara. Shekara ashirin na yi ina koyar da lissafi a lakwal, ban taɓa jin an auna ƙarfin jaki yana tafiya ba kaya ba.

Kada ka ce na raina kyautarka. Balbela mota ce. Tana tashi da murɗi ɗaya, tafiyarta kamar ruwa a faranti, gazuwal kuwa lasa take yi. Ran da muka kai Inna asibiti da ita, barci ta yi har Tawa. Na karanta littafinta na Faransanci daga bango zuwa bango, bai yi ƙarya ba, ya faɗi nauyin da za ta iya ja. Malami dai bai kai wannan shafin ba.

To sai an gwada akan san na ƙwarai. Ran Talata na sa Sallau direba ya ɗaura wa Balbela tankin nan mai taya biyu da muke kai wa su Inna ruwa, na zauna gaba, na sa Malami ya biyo mu da Taguwa. Mun wuce Tajaye lafiya. Da muka shiga rairayin korama sai Balbela ta fara nishi, taya na juyawa wuri ɗaya, har ta zauna bisa cikinta. Malami ya ce a zubar da rabin ruwan. Matan ƙauye na tsaye a gaɓa da tuluna, ɗaya daga cikinsu, Tsahara, ta ce masa in ya taɓa famfon nan sai ya kwashe ruwan da hularsa.

Sallau ya kwance tankin ya maƙala wa Taguwa. Mumuni, da ka ga abin! Ta yi gurnani, ta tofar da baƙin hayaƙi, ta taka a hankali ba gaggawa, ta haye da tankin cike. Sannan ta komo ta fisgo Balbela da igiya. Sallau ya shafa goshin Taguwa ya ce shekara goma sha huɗu ba ta taɓa ba shi kunya a koramar nan ba. Balbela kuwa, in ita za ta kai ruwan, sai ta yi sawu biyu da rabin tanki, kwalba shida ta zama goma sha biyu. Wa ya fi sha ke nan?

Balbela ta riƙe kwalta, Taguwa ta riƙe ruwan Inna har damina ta sauka. Dillalin da Malami ya turo na ba shi fura na sallame shi. Takardun motar suna cikin adakata. In har sai ka sayar, ka zo da kanka ka gaya wa Inna.

Ka gaishe da Bilkisu, da Kyauta, da Amadu ƙarami. Sallau da Tsahara suna gaishe ka. Malami ma, ko da yake muryarsa ta yi ƙasa kwanan nan.

Yayarka mai yi maka addu'a kullum,
Lauratu