Ƙugiyar da Ba Ta Ƙetare Bango Ba

Rikoto, Zuru
12 ga Afrilu, 2007

Zuwa ga maigidana, Baban Joyce,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya. Yaya aikin bariki da zafin Maiduguri, yaya kuma gwiwar nan da kake ɓoye mini ciwonta? Mu nan lafiya lau, Joyce tana gaishe ka.

Lafiyar jiki nake nufi. Tun ran Litinin an dakatar da ni daga ofishin kwamitin sulhu na coci, kuma gara ka ji daga alƙalamina kafin matan sojoji su kai maka labarin da gishirinsu. Ana zargina da sauya shaidar mamaci.

Ka san Magdalene ta zumuntar matan coci, matar marigayi Dawuda na Dabai. Ƙanensa Philemon yana neman karɓe gonar bakin rafi, don in Dawuda bai ba Magdalene gonar da bakinsa ba, ta 'yan'uwansa ce. A watan jiya kwamiti ya saurari Baba Ladan, tsohon da gonarsa ke iyaka da ita. Na rubuta maganarsa a littafina, na buga, ya dangwala yatsa. Bayan kwana tara ya rasu.

A littafina na rubuta cewa kafin Dawuda ya rasu ya ɓata gonar, domin kowa ya san ya haƙe gefenta yana bulo. A takardar da aka buga kuwa, sai ga shi wai ya bata gonar. Da shugabanmu Prosper ya karanta a zaman Litinin, dangin Magdalene har da guɗa. Philemon ya miƙe ya ce benci ɗaya muke zama da ita a coci, a kawo littafina. Aka kawo, aka ga ƙugiya a kan harafin, aka duba takarda babu. Shi ke nan na zama ɓarauniyar harafi.

Ni da na koyar da Hausa shekara goma sha huɗu kafin in zo ofishin nan. Na ce musu ko ƙarya zan ƙaga, ba zan haɗe «ba» da «ta» kamar mai rubutu a jikin babbar mota ba. Prosper ya ce ai haka kowa ke rubutawa. Na nuna musu cewa duk takardar ba ƙugiya ko ɗaya, har ƙasa ta koma kasa. Philemon ya ce wayon kenan, na cire su duka don kada a lura da ɗayar.

Laifina ɗaya, kuma kai kaɗai zan faɗa wa: ban sake karantawa ba. Idona na kan littafi yatsuna na aiki, Prosper yana ƙwala kira cewa man janareta zai ƙare, tsoho kuma yana jiran babur. Amma na rantse na danna ƙugiyar.

An sa zama ran 26. In ban wanke kaina ba, aikin ya tafi, kuma za a karanta dalili a coci.

Ka gaishe da abokan aiki.

Taka,
Saloma

Rikoto, Zuru
19 ga Afrilu, 2007

Baban Joyce,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata jikinka da sauƙi. Saƙonka ya iso ta hannun direban Yawuri. Kada ka nemi hutu, kada kuma ka aika wa Philemon kowace magana. Kakinka ba zai gyara harafi ba.

Ka ce ba ka gane yadda mutum zai danna abu ya ƙi fitowa ba. Ni ma sai jiya na gane.

Kwamfuta biyu ce a ofishinmu. Ta ɗakin Prosper sabuwa ce, mai Windos, ita ke da firinta, a cikinta ake ajiye takardu. Tawa tsohuwa ce da 'yan mishan suka bar mana, tana aiki da wani tsari daban da ake kira Linuks. Da can a tawa nake bugawa in kai masa a faifai. A watan Fabrairu ya ce ba ya son takardun ƙasa suna yawo, ba ya kuma son in riƙa zama a kujerarsa. Sai ya kira Nwankwo, mai shagon gyaran kwamfuta na bakin kasuwa, ya huda bango ya ja waya. Yanzu in na zauna a tawa, sai in buɗe wata taga, fuskar kwamfutarsa ta fito a ciki, in yi aiki a can ina nan. Hannuna a ɗaki ɗaya, rubutuna a wani.

Na je wurin Nwankwo. Da farko ya ce aikinsa ba kuskure, shekara ashirin yana garin nan. Na ce shekara ashirin ɗin ba ta koya masa bambancin ƙofa da kofi ba, ya ba ni kujera. Na tambaye shi dalla-dalla abin da ke bin wayar nan in na danna madanni. Ya ce ba harafin da kansa ke tafiya ba, labarin wane madanni aka taɓa ne, ta can ce ke yanke abin da za ta rubuta. A tawa, 'yan mishan sun shirya cewa in na riƙe madannin dama na danna b, mai ƙugiya ne zai fito. Na ce ita ta can wa ya koya mata? Ya hau sosa gemu. Bai taɓa sanin akwai haruffan ba, balle ya saka mata su. Tun Fabrairu kuma duk abin da na buga ta tagar nan Turanci ne, shaidar Baba Ladan ce Hausar farko.

Ya yarda zai zo ran 26 a gwada a gaban kowa, ko da yake na ga ba ya so.

Ya kamata in yi murna. Amma ina fitowa na ci karo da Magdalene da buhun irin dawa a ka. Ta riƙe hannuna ta ce Allah ya yi aiki ta yatsuna, kada in ji tsoron kowa. Ba ta san cewa ranar da na wanke kaina, ranar ce takardarta za ta zama banza ba. Ban iya faɗa mata ba, na ce kaina ke ciwo.

Akwai kuma wani abu da ke damuna game da Baba Ladan, amma sai na tabbata tukuna.

Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Saloma

Rikoto, Zuru
27 ga Afrilu, 2007

Maigidana,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. An yi ruwan farko shekaranjiya, rufin kicin ya riƙe.

An yi zaman jiya da hantsi. Nwankwo ya raba dattawa gida biyu, rabi a bayana, rabi a ɗakin Prosper suna kallon tasa kwamfutar. Na fara buga ɓata a tawa, ƙugiya ta fito kowa ya gani. Sannan na buɗe tagar. Wayar ta ƙi haɗuwa har sau biyu, Philemon ya fara dariya. A na uku fuskar ta can ta fito. Na sa wani dattijo ya riƙe madannin dama da nasa yatsan, na danna b. Daga ɗayan ɗakin muka ji ana karantawa, bata. Philemon ya ce a ba shi ya gwada da kansa. Sau huɗu ya gwada.

Prosper ya ce to an wanke ni, ranar Litinin in koma aiki. Magdalene ta ja gyale ta rufe fuska. Sai Prosper ya turo mini takarda da ya riga ya shirya da Turanci, in sa hannu cewa abin da Baba Ladan ya faɗa shi ne na littafina, a rufe magana, gona ta koma ga Philemon kafin shuka.

Abin da na ce yana damuna ke nan. Ka san Hausar tsofaffinmu na kan dutse, irin ta babanka. Baba Ladan bai taɓa furta harafi mai ƙugiya ba a rayuwarsa, ɓarawo ma barawo yake cewa. Ka faɗi jimlolin nan biyu a bakinka ka ji, in ka cire ƙugiyar ba abin da ya raba su, ko a tashin murya. Abin da ya fito daga bakinsa «ya bata gonar» ne. Ni ce na tuna ramukan bulo, na ɗauka na san abin da yake nufi, na ɗora masa ƙugiya da alƙalamina. Ban tambaye shi ba. Ina ta zagin Nwankwo da wayarsa, alhali ƙarin da aka yi wa maganar tsohon daga hannuna ya fito.

Na faɗa musu haka, a tsaye. Na ce ba zan rantse ya ce ɓata ba, ba zan kuma rantse ya ce ya ba ta ba. Prosper ya kira ni gefe, ya ce sakatariyar da ba ta tsaya a kan littafinta ba ba ta da amfani a kwamiti, in sa hannu ko in ajiye makulli. Ya ce in tuna Joyce tana makaranta. Na ce na tuna, kuma ba na son ta koyi karatu a wurin uwar da ta sa wa mamaci magana a baki sau biyu. Na ajiye makullin a kan takardarsa.

An soke shaidar baki ɗaya. Dattawan Dabai za su sake bin maganar daga farko, ban san inda za ta faɗa ba. Philemon ya ce na cuce shi. Magdalene ta wuce ni a bakin ƙofa ba ta ko dube ni ba. Abin da za a karanta a coci ran Lahadi shi ne na bar aiki da kaina, ba kalmar zamba a ciki. Na nemi a nuna mini sanarwar, na gyara musu kuskure biyu.

Kada ka rubuto kana ce mini na yi daidai, ban kai ga son jin haka ba tukuna. Ranar da na buga shaidar, Baba Ladan yana zaune a gabana, tsakaninmu bai fi taku biyu ba, yana jiran ya ji ko ina da sauran tambaya. Na ce masa babu.

Ka gaishe da duk masu tambayata. Allah ya tsare mini kai.

Ni ce matarka,
Saloma