Gayya a Cikin Kwamfuta

Daren Talata.

Alhamdulillahi, yau na sha da ƙyar. Shugaban manoman Mashegu ya zauna a shagona yana jiran katunan ƙungiyarsu, ga babu wuta, caji na ƙarewa. Manhajar da na rubuta tana gyara hotunan katunan ɗaya bayan ɗaya. Ashe ƙwaƙwalwa huɗu kwamfutar ke da su, ɗaya ke aiki, ukun na zaune.

Da na faɗa masa, ya ce, "Malam, ku ba ku san gayya ba? Kowa ya kama kunyarsa mana!"

Na raba aikin gida huɗu, suka kama tare. Kafin la'asar ya hau babur da katunansa.

Ban taɓa kiran gayya ban dama kunu ba sai yau.