Sunayen da ke Bakin Gwaggo

Daren Laraba, watan Nuwamba, Turawa

Barci ya ƙi zuwa. Ɗazu Hadiza, 'yata mai karatu a Kano, ta nuna mini hotunan wasu mutanen ƙasar Denmark a wayarta. Wani likita ne, wani matuƙin jirgin ruwa, wata kuma mai zane. Ɗaruruwan shekaru ne tsakanin na farko da na ƙarshe, amma sunansu na biyu ɗaya.

Ta ce, "Baba, can gadon sunan gida ake yi."

Ikon Allah! Mu nan kowa sunan ubansa yake ɗauka. Jikana da aka sa makaranta bana, sunan mahaifina bai kai gare shi ba.

Na shiga wurin Gwaggo, ƙanwar mahaifina, na tarar tana ɓarar gyaɗa. Na ce, "Gwaggo, wa ya haifi kakana?"

Ko kai ba ta ɗago ba. Ta dinga jero su: wanda ya haƙa rijiyar unguwarmu, wanda ya zo da shanu daga Rogo, har waɗanda ban taɓa jin sunansu ba. Tsikar jikina ta tashi.

Duk a bakinta suke, ita kaɗai. Ga tarin da take fama da shi ya ƙi tafiya.