Wayar da Ta Toshe Kunnen Bodil

Litinin, 3 ga Maris
Naɗi na goma sha bakwai. Na murɗa wayar jan ƙarfen kamar lamba takwas, na kwantar a kan katako. Ina sa wuta, allurar kamfas mai nuna arewa ta yi rawa ta tsaya a karkace. Shekara talatin ina gyaran rediyon jirgin ruwa a Esbjerg, ban taɓa ganin haka ba. Daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa na ƙwala wa matata Bodil kira ta zo ta gani, shiru. Matar nan ta fara yi min kunnen uwar shegu.

Alhamis, 6 ga Maris
Muna shan kofi ta ce, "Asger, abin nan naka in ka kunna shi..." Na ce, "Tsohuwa, ba zai ƙone miki gida ba." Ta ci gaba da shafa wa burodinta man shanu.

Lahadi, 9 ga Maris
Naɗi mai kusurwa uku. A kunne tun rana har yamma.

Litinin, 10 ga Maris
Gunvor, yayar Bodil, ta rasu jiya da yamma a asibiti. Sau huɗu ta sa a kira gidan nan. Bodil tana ɗakin girki, taku uku tsakaninta da tarho.

Asabar, 15 ga Maris
Bayan jana'iza 'yarmu Ragna ta ja ni gefe. "Baba, kai ne masanin waya, amma ba ka san akwai ɗan naɗi a cikin na'urar jin Mama ba? In ka sa wa naɗinka wuta, kamar ƙudan zuma ne suka cika mata kunne. Kana sauka ƙasa take cirewa."
Na sani. Abin da ke ci na ke nan, tun ina saurayi na san wannan.
Na tambayi Bodil me ya hana ta faɗa min. Ta ce, "Na fara. Kuma tun da ka bar aiki ban ji ka kana fito don nishaɗi ba sai yanzu."

Laraba, 26 ga Maris
Kwana goma sha ɗaya ban sauka ƙasa ba. Gwiwa ce, matakalar nan ba ta da kirki.
Yau tana wanke kwanuka na tsaya a bayanta na faɗi komai, har na roƙe ta ta yafe min. Sai da na gama na ga na'urar a ajiye a bakin taga.
Gobe zan tsaya a gabanta.