Layin da Likita Ta Ja Mini a Wuya

Laraba, bayan isha'i, Badariya

Yau na je asibiti kan ƙurajen askin nan da suka cinye mini wuya. Likita ta ce na'urar lesa za ta ƙone gashin tun daga tushe, yawancinsa ba zai dawo ba. Ta ja layi da farin fensir ƙarƙashin haɓata, ran Asabar za a fara.

Na kira Baba a Argungu, don shi bai yarda a taɓa gemu ba. Ya ce, "To ina wuya yaƙ ƙare, ina gemu yaf fara? Aska in ta yi kure, gobe shi tsiro. Wagga fa?"

Har yanzu ina gaban madubi. Wallahi gani nake layin nan ya hau sama da yawa.